Keffi: Yini Guda A Gangaren Tudu Wurin Masu Yi Wa Tsohuwar Fijo Sababbin Ƙafafu

Matafiyin da ya baro Abuja da sassafe ya nufi gabas, in Allah Ya taimake shi ya kuɓuta daga cunkoson Nyanya da Mararraba, ya wuce Masaka da Uke, to, bai fi ya yi kilomita 50 da 'yan kai ba zai hango duwatsu da rufin kwanon garin Keffi. Gari ne na mahaɗar hanyoyi. Ɗaya ta miƙe zuwa Akwanga, inda ta rabu biyu, wani reshe ya haura Jos, wani ya gangara Lafiya da Makurɗi. Wata ta yi kudu zuwa Nasarawa da Toto, wata kuma ta bi ta Gitata da Panda ta shiga kudancin Jihar Kaduna. Garin da hanyoyi suka yi masa irin wannan zobe kuwa ba ya rabuwa da tasha, da masu abinci, da kanikawa.

Tun kafin zuwan mota ma haka garin yake, mashigar fatake ce tsakanin ƙasar Hausa da kwarin Binuwai. Sunansa daga kafi ya samo asali, watau shingen itatuwa da mutanen da suke kafawa don tsaron gari. Abdu Zanga, wani Bafulatani mai dukiyar shanu da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, kuma Keffi ta zauna ƙarƙashin Zazzau tana kai gaisuwa Zariya. A nan ne ranar 3 ga Oktoba, 1902, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, ya kashe Razdan na Turawa, Kyaftin Moloney, sa'an nan ya hau doki sai Kano. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuwa ya sa wannan cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi a watan Fabrairu na 1903. Magaji ya rasu a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Har yanzu dutsen da aka binne Baturen a kansa yana nan yana amsa sunansa, sunan Yamusa kuma yana fada, domin Dokta Shehu Chindo Yamusa na III ne ya gaji sarautar a ƙarshen 2015.

Daga baya garin ya yi suna wajen ilmi, saboda Kwalejin Gwamnati da aka kafa a 1949, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu a cikinta, ga kuma Jami'ar Jihar Nasarawa da ta cika garin da samari da 'yan mata daga ko'ina. Keffi ta ga jihohi uku ba ta motsa daga inda take ba: Binuwai-Filato a 1967, Filato a 1976, sa'an nan Nasarawa a 1996.

Gangaren Tudu ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Keffi, 'yar'uwar su Tudun Ƙofa, da Yara, da Liman Abaji, da Unguwar Rimi, da Jigwada, da Sabon Gari. Sunan kaɗai ya isa ya tuna wa direba birkinsa. A wannan yanki, kamar sauran sassan garin, mai tafiya a ƙasa ba ya yin nisa sai ya ci karo da tsohuwar taya an kafa ta a bakin hanya, alamar mai faci yana kusa, ko kuwa rumfar kwano da ƙasarta ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. A gaban wata irin wannan rumfa ne, da hantsi, aka ɗage wata Fijo 504 fara bisa jak, aka tokare ƙafafunta na baya da duwatsu, yara masu koyon aiki suka kewaye ta kamar an kawo amarya.

Wanda bai kai shekara 30 ba zai yi mamakin abin da ake kallo a jikin wannan tsohuwa. Amma duk wanda ya yi wayo a zamanin Janar Gowon ya san ko wace ce. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, shekara ta zagayo aka zaɓe ta motar shekara ta ƙasashen Turai. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, wanda ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu, kuma a watan Maris na wannan shekara aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Shekara da shekaru jiragen sama na kamfanin UTA suna jigilar kayan haɗin daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin sama na Kano, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Kaduna. Buɗe masana'antar ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, ga kuma bashin mota da gwamnati take bai wa ma'aikata, saboda haka malamin makaranta da akawu suka shiga sahun masu mota. Da gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, sai 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati, har da shugaban ƙasa. Mai dogon baya, mai layin kujeru uku, ita ta riƙe tashoshin Arewa fiye da shekara 20. A-kori-kurarta kuwa ita ta san hanyar kowace kasuwar ƙauye. Turai ta daina yin ƙaramar tun 1983, amma Kaduna ba ta sake ta ba sai wajen 2006.

Yau Golf da Sharan da Sienna da bas-bas na Toyota sun ƙwace layi a tasha. Abin da ya rage na Fijo kashi biyu ne: a-kori-kura da masu dogon baya da har yanzu suke ɗauko doya da gawayi daga ƙauyuka, da kuma 'yan ƙalilan da ke ajiye a gidajen tsofaffin ma'aikata, an lulluɓe da tamfol, ana tayar da su ran Juma'a ko ran Salla.

Wadda ke kan jak ɗin nan irin ta biyun ce. Mai ita saurayi ne da ya gaje ta daga mahaifinsa, wanda ya saye ta da bashin mota yana aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Filato. An gyara injin, an sake fenti, an yi sabuwar shimfiɗar kujeru. Abin da ya rage ƙafafu ne, domin mako mai zuwa da ita za a kai ƙanwarsa ɗakin miji a Lafiya, mahaifiyarsu da gwaggonninsu a ciki. Don haka ya tafi kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja ya sayo rim huɗu na alminiyam, masu faɗi, masu walƙiya, waɗanda aka ciro daga wata motar Japan. Yaran gareji suka ɗaga ɗaya suka kai bakin ƙusoshi, rami ɗaya ya shiga, ukun suka ƙi.

Dalili kuwa ma'auni ne. Ƙusoshin da ke riƙe ƙafar mota a da'ira suke jere, kuma kowane kamfani yana da faɗin da'irarsa. Na 504 guda 4 ne, a kan da'ira mai faɗin milimita 140. Motocin Japan da na Jamus masu ƙusa 4 da suka cika kasuwa yanzu, yawancinsu milimita 100 ne ko 114.3. Motocin da suka yi tarayya da 504 a wannan ma'auni ba su da yawa, sai ƙanwarta 505 da 604, da wasu tsofaffin Subaru. Watau mai Fijo yana iya zagaye kasuwa tun safe har la'asar, rim ya yi tsibi har sama, ya dawo hannu rabbana.

Saurayin ya ce, "Baba, ai abin kaɗan ne. A ɗan buɗa ramukan da wutar walda, in ya so a sa wosha a bayan noti."

Maigidan garejin, dattijo mai furfura da ya koyi aiki a kan 404 tun yana yaro, ya juya rim ɗin a hannu, ya duba bayansa, ya ce, "Ɗana, akwai masu yi maka wannan kafin azahar, kuma da araha. Ni dai ba da hannuna ba. Ka ce Hajiya za ta shiga motar nan ko?"

Abin da dattijon ya hango ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda ƙafa take zama a jikin mota. Mutane da yawa suna zaton ƙusoshi ne ke ɗauke da nauyin mota kamar yadda maratayi ke ɗauke da riga. A gaskiya aikin ƙusa da noti shi ne su matse bayan rim a jikin cibiya, wadda kanikawa ke kira hob, su matse shi ƙwarai har fuskokin biyu su zama kamar ƙarfe ɗaya. Wannan matsi shi ke riƙe ƙafa. Bakin kowane rami kuma an yi masa gurbi daidai da kan noti, domin in an ɗaure, rim ya zauna tsakiya sosai. Da zarar an buɗa rami da wuta ko magagari, gurbin ya tafi, noti ya hau kan gefe ɗaya. Rim zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani, kowane juyi yana lanƙwasa ƙusa yana sakinta, kamar yadda yaro ke karya waya da lanƙwasawa, har ranar da ɗaya za ta tsinke. In ɗaya ta tafi, ukun da suka rage ba su daɗewa. Su kuwa ba su zaɓar wurin tsinkewa a gaban rumfar mai faci.

To, ko da ramukan sun dace, akwai magana ta biyu, ita ce ta zurfi. Fijo da ƙafafun baya take tura kanta, yawancin motocin yanzu kuwa da na gaba suke ja, kuma rim ɗinsu an yi shi ne ya nutsa ciki sosai. A bayan rim akan ga haruffa ET da lamba a gefensu. Lambar tana faɗin milimita nawa fuskar da ke manne da cibiya ta goce daga tsakiyar rim, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon nutsewar ƙafa cikin bodi. In aka ɗaura mai babbar lamba, ga shi kuma da faɗi, sai gefen taya na ciki ya riƙa gugar shokazoba, ko rim ya taɓa kan birki. Maganin da aka sani shi ne faifan ƙarfe ko na alminiyam da ake sakawa tsakanin cibiya da rim don ya turo ƙafa waje. Shi ne kanikawa ke kira sifesa.

Sifesa ba haramun ba ce a wurin masana, sai dai tana da sharuɗɗa, kuma a wurin sharuɗɗan ake faɗuwa. Siririya, mai milimita 3 zuwa 5, ana zura ta ne kawai a kan ƙusoshi. Amma kowane milimita da ta ci, daga rabon noti ta ci shi. Ƙa'idar da aka daɗe da sani ita ce noti ya shiga ƙusa aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar. In kaurinta milimita 12 ne, to, noti ya ci milimita 12 na zare, watau juyi 8 zuwa 10 gwargwadon irin zaren. Wanda ya sa faifai mai milimita 10 a kan ƙusoshin asali, ya ga noti ya kama da juyi 4 ya ce ya ɗauru, lalle ya rataya ran fasinja a kan zare huɗu. Sai an sauya ƙusoshin da dogaye masu ƙarfin na asali. Ƙusar gini ko ta kasuwar 'yan tebur ba ta wannan aiki, ko da ta yi kama da ta mota kamar tagwaye.

Mai kauri kuwa, daga milimita 20 ko 25 zuwa sama, iri dabam ce. Ita ana ɗaure ta ne a jikin cibiya da nata notunan, sa'an nan tana da nata ƙusoshin da rim zai hau. Da irin wannan ake sauya ma'auni ɗungurungum, a yi ramuka a kan 140 ta ciki, ƙusoshi a kan 114.3 ta waje, rim ɗin Japan ya hau Fijo. Masu injin feƙe ƙarfe suna iya yin ta, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Amma tilas fuskokinta biyu su zama sumul kuma daidai da juna, tilas ta zauna tsakiyar cibiya ba tare da wasa ba, tilas kan tsofaffin ƙusoshi kada ya leƙo ya tokare bayan rim. In aka kuskure da kaurin farce, sitiyari zai fara rawa da an wuce gudun 80. Ga kuma notuna sun zama 8 a kowace ƙafa maimakon 4, rabinsu a ɓoye a bayan rim inda direba ba ya ganinsu da safe.

Mafi muni duka shi ne abin da saurayin ya fara ambata, a jera wosha uku ko huɗu a kan kowace ƙusa a ce an yi sifesa. Nan rim bai manne da cibiya ba sam, yana tsaye ne a kan 'yan tsibirai huɗu, iska tana wucewa ta tsakani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ko an cika dukkan sharuɗɗan nan, akwai kuɗin da mota za ta biya a hankali. Dattijon ya sa wani yaro ya ɗauko bokitin ruwan da ake gwada faci a ciki, ya ce ya riƙe shi a jikin cinyarsa. Yaron ya riƙe yana dariya. Ya ce to, ya miƙe hannu da shi. Kafin a ƙirga goma kafaɗar yaron ta fara kakkarwa. Ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Haka boris ɗin ƙafa yake: an yi shi ne nauyin mota ya sauka kusan a kansa, in aka tura taya waje da inci guda, nauyin ya koma yana murɗa shi ta gefe. Zai fara da zafi, ya bi da ƙugi kamar jirgi na nesa, daga nan sai giris ya ƙone. A ƙafafun gaba kuma akwai ƙarin magana. Ƙafa tana juyawa ne a kan wani layi da ya sauka ƙasa kusa da tsakiyar inda taya ta taka. In taya ta yi nisa da wannan layi, kowane rami da kowane dutse sai ya fizgi sitiyari daga hannun direba, in kuma birkin gefe ɗaya ya fi na ɗayan kamawa, motar ta karkata da ƙarfi fiye da da. Yawancin tsofaffin 504 ba su da na'urar sauƙaƙa sitiyari, saboda haka taya mai faɗi tana nufin damtsen direba ne zai biya a wurin juyawa cikin lungu.

Ba a ce babu riba ba. Faifai mai milimita 25 a kowane gefe yana ƙara tazarar ƙafafu da milimita 50, kusan inci 2, mota takan ɗan ƙara zama a kwana, taya mai faɗi kuma takan fi kama busasshiyar kwalta. Ga kyan gani, wanda shi ne ainihin abin da ke kawo samari. Amma taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa in an yi mamako, ta fi shan mai, abin da ba wasa ba ne tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuma in an cika mota da mutane da kayan gara ta zauna, bakin bodi yakan sauko ya yanki gefen taya kamar wuƙa. A jar lakar hanyoyin ƙauye da damina ma, tsofaffin direbobi sun fi son siririyar taya doguwa, wadda ke ratsa taɓo ta taka ƙasa mai tauri.

Direbobin haya su tasu matsalar dabam ce, ba ruwansu da walƙiya. Abin da suke nema taya ce mai ɗaukar kaya, mai kuma ɗaga mota sama. Don haka sukan ɗaura tayar bas, mai harafin C a ƙarshen lambarta, irin 195 R14C. Tayar asali ta ƙaramar 504 ita ce 175 R14, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 635. Ta bas ɗin ta kusa 668, watau ta fi da kashi 5 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce in maleji ya nuna 100, motar tana gudun 105 ne, birki kuma yana fama da ƙafar da ta fi wadda aka yi shi dominta. Akwai kuma wata dabara da aka sani a ƙasashe da yawa: rim mai rami 6 na irin su Hilux da'irarsa milimita 139.7 ce, saura ƙiris ta zama 140, saboda haka ramuka biyu masu fuskantar juna suna hawa ƙusoshin Fijo, sai a huda sababbi biyu. In an yi hudar a kan injin da ya dace, a rim na ƙarfe, aka yi mata gurbin noti, takan yi aiki. In an yi ta a ƙasa da alli da ƙiyasin ido, to, an koma gidan jiya.

Duk wannan faɗi-tashi yana da tushe a wajen gareji. A da Nijeriya tana yin tayarta. Michelin tana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop tana da tata a Ikeja, Ikko, kuma lambobin da Fijo ke so su ne suka fi yawa a shago. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina a 2008. Tun daga nan taya ta zama kayan shigowa, sababbi daga ƙasashen Asiya, tsofaffi kuma 'yan Beljiyam waɗanda ke shigowa duk da doka ta hana. Kasuwa kuwa motocin da ke kan hanya take bi, saboda haka inci 15 da 16 suka yawaita, 175 R14 mai kyau ta zama sai an nema. Sau da yawa neman taya ne ke tura mai tsohuwar mota sauya rim, ado ya biyo baya.

Da azahar ta yi aka tashi salla, aka dawo, dattijon ya shiga bayan rumfa inda tsofaffin ƙarafa suke jibge, ya daɗe yana buruntu, ya fito yana gangaro da wani rim mai tsatsa. Na 505 ne, mai inci 15, rami 4 a kan 140. Ya hau ƙusoshi kamar a nan aka haife shi. Lissafin kuwa ya yi kyau ƙwarai: taya 195/65 R15, wadda ke kan Corolla da Golf da yawa, wadda kuma babu shagon da ba ta, tsayinta kusan milimita 634 ne. Bambancinta da ta asali bai kai kaurin tsinken ashana ba, saboda haka maleji ba zai yi ƙarya ba, ga ƙarin faɗi na milimita 20 ba tare da an huda kome ba. Sai dai mai neman rim na 505 ya yi hattara da wani iri da aka yi don tayar Michelin mai suna TRX. Shi da milimita aka auna shi, 390, ya ɗara inci 15 bai kai 16 ba, kuma tayar kasuwa ba ta zama a kansa. Wanda ya tilasta ta da iska yana wasa da fuskarsa.

Ɗaya kaɗai ke garejin. Aka aika yaro a kan babur wurin wani abokin sana'a, aka buga waya Kaduna, inda har yanzu kayan Fijo ba su ƙare ba, aka yi alkawarin biyu za su iso a motar safe. Saurayin ya tsaya yana duban rim ɗinsa masu walƙiya da ke jingine da bango, ya ce, "To, Baba, waɗannan fa? Kuɗi na zuba."

"Mayar da su, ko ka sayar wa mai Honda. Na 505 ɗin in an kankare an fesa musu ruwan azurfa, a sa musu kwanon tsakiya na asali, wallahi sai an tsaya ana kallo. Haka mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, yake tafe da ita."

Kafin a ɗaura na gwaji sai da ya sa aka juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ya zura yatsu tsakanin taya da shokazoba, ya ce akwai wuri. Ya sa yara huɗu suka shiga baya, biyu suka zauna a bakin but, ya leƙa ya ga bodi bai sauko kan taya ba. Sa'an nan ya koma kan tayar da za a saya, ya nuna wa saurayin wasu lambobi huɗu da ke gefe cikin ɗan zobe. Tun shekarar 2000 haka ake rubuta ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kuma 'yar Beljiyam da aka yi don ƙasar ƙanƙara tana iya zuwa da zanenta raɗau alhali cikinta ya bushe.

Wannan gargaɗi ya ƙara nauyi yanzu saboda hanyar kanta ta sauya. An mai da hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi tagwaye, fiye da kilomita 200, aikin da kamfanin China Harbour ya yi, aka kuma fara karɓar kuɗin hanya a kanta a 2025. A da ramuka ne ke hana direba gudu ko bai so ba. Yanzu kwalta ta yi sumul, ƙafa tana nutsewa a kan totur ba a sani ba, taya da boris suna ɗaukar zafin da ba su saba ba. Tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon kuma akwai tudun nan da direbobi suka yi wa laƙabi da Turanci, ma'anarsa mutane da yawa sun tafi. Ta nan ayarin amarya zai bi.

Da la'asar sakaliya, inuwar rumfa ta miƙe har tsakiyar hanya, ɗalibai suna komawa masauki a kan babura, masu doya suna kwashe abin da ya rage. Dattijon ya tsuguna gaban ƙafar gaba ta hagu, ya goge fuskar cibiya da burushin waya har tsatsa ta fita, ya hana a shafa wa zaren mai. Ya miƙa wa ƙaramin yaron garejin noti ya ce ya sa da hannu, ba da sifana ba, yana ƙirga juyi da ƙarfi kowa ya ji. Yaron ya ƙirga har goma kafin noti ya taɓa rim. Aka ɗaure su gicciye, na sama sa'an nan na ƙasa, na dama sa'an nan na hagu, aka sauke jak aka ƙara matsewa, ba tare da kowa ya hau kan sifana da ƙafa ba.

Ya gaya wa saurayin cewa in sauran sun iso gobe aka ɗaura, jibi ya fita da ita shi kaɗai, ba fasinja, ya bi hanyar Akwanga. In ya kai Garaku ya tsaya ya ɗora bayan hannunsa a tsakiyar kowace ƙafa ya ji ko wata ta fi 'yan'uwanta zafi, sa'an nan ya juyo. Kafin ya shiga gida ya biyo ta gareji, domin sabon ɗauri yakan saki bayan kilomita 50 na farko, za a sake bin notunan 16 ɗaya bayan ɗaya.